Tayar sanyi da tuƙi a kan dusar ƙanƙara: amsa ga direban da ya sayi tayoyin gwanjo

Tambayar ta fito ne daga wani direban motar haya da ke jigilar fasinja tsakanin Gumel da ƙauyukan da ke kan hanyar Maigatari. Ya ce ya sayi tayoyi huɗu na gwanjo, sai ya ga a gefen kowace akwai hoton dutse mai kawuna uku da wani zane mai rassa shida a cikinsa, kuma ƙaninsa da ke karatu a Kanada ya gaya masa cewa tayoyin lokacin sanyi ne, waɗanda ake sa wa mota saboda dusar ƙanƙara. Yana so ya san abin da irin wannan taya take yi wa mota a can, sannan ko riƙon da take da shi a kan dusar ƙanƙara zai amfane shi a nan, musamman da damina.

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka karanta gefen tayarka, domin direbobi da yawa iyakar abin da suke dubawa shi ne lambar girma da zurfin zane. Ƙaninka gaskiya ya faɗa maka. Wannan alama masu ƙera taya na Amurka da Kanada ne suka fito da ita a shekarar 1999, daga baya Turai ta karɓe ta, kuma ba a buga ta a jikin taya sai an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara an tabbatar ta kai wani mizani na riƙo. A tsarin Amurka da Kanada, dole ne ta fi tayar da ake kwatanta gwaji da ita riƙo da aƙalla kashi 10 cikin 100. Ke nan abin da ke hannunka kaya ne da aka ƙera don wani aiki na musamman a wani yanayi na musamman, kuma sai ka fahimci wannan aikin kafin ka gane matsayinsa a kan kwaltar Jigawa.

Duk ƙarfin injin mota, da kyawun birkinta, da ƙwarewar mai riƙe da sitiyari, ba su da wata hanyar isa ƙasa sai ta wurare huɗu, inda roba ta taɓa titi, kuma kowane wuri faɗinsa bai wuce tafin hannun babban mutum da yawa ba. Injiniyoyi suna auna riƙon da ke tsakanin taya da titi da wata lamba wadda take nuna kashi nawa na nauyin mota ne tayar za ta iya turewa ko tsayarwa kafin ta zame. A kan busasshiyar kwalta lambar tana kusa da 0.8. A kan dusar ƙanƙarar da motoci suka tattake ta daddale, tana saukowa zuwa tsakanin 0.2 da 0.3, sannan a kan daskararriyar ƙanƙara mai sulɓi tana iya kaiwa 0.1 ko ƙasa da haka. Idan aka yi lissafi da gudun kilomita 50 a awa, wanda ba wani gudu ba ne a wurin direban haya, motar da ke kan busasshiyar kwalta za ta tsaya bayan kimanin mita 12 daga lokacin da birki ya kama. Idan riƙon 0.3 ne, sai ta ci kusan mita 33. Idan 0.2 ne, mita 49. A kan ƙanƙara kuwa sai ta doshi mita 100. Ka lura da tazarar da ke tsakanin 0.2 da 0.3: lambobin kamar ba su da nisa da juna, amma a kan titi mita 16 ne, tsawon motoci uku da ɗoriya, kuma a cikin wannan tazarar ce ake samun mai tsallaka titi ko bayan motar da ke gaba. Aikin tayar sanyi shi ne ƙwato wa direba irin wannan tazarar. Ba ta mayar da dusar ƙanƙara kwalta, amma tana ƙara ɗan riƙon da ya rage, a wurin da kowane ƙari yake da tsada.

Sirrin farko yana cikin robar kanta, kuma a ganina shi ne mafi girma, ko da yake ido ba ya ganinsa. Roba tana kama titi ne saboda laushinta: tana lotsawa ta shiga cikin ƙananan ramuka da tsakuwoyin da ke fuskar kwalta, ta rungume su, sannan ta sake su yayin da tayar ke juyawa. Sanyi yana ƙwace mata wannan laushin, kamar yadda man kaɗe yake sandarewa da sanyin hunturu har sai an murza shi a hannu. Robar tayar bazara, wato irin wadda aka yi don yanayi mai ɗumi, takan fara taurarewa idan sanyi ya sauko kusa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa masu ƙera taya suke ba da shawarar a canja taya idan yanayi ya daidaita a ƙasa da haka. Idan aka kai digiri 10 ko 20 ƙasa da sifili, abin da ba baƙo ba ne a Kanada ko Finlan, sai tayar ta koma tana zamewa a saman titi maimakon ta kama shi, ko da kuwa titin busasshe ne babu dusar ƙanƙara ko kaɗan. Ita tayar sanyi ana haɗa ta da roba ta asali mai yawa, da sinadarin silika, da wasu mayuka masu hana ta daskarewa, don haka tana nan da laushinta a sanyin da ya mayar da 'yar'uwarta kamar itace.

Sai kuma zanen. Idan ka duba haƙoran tayarka da kyau, za ka ga kowane haƙori an tsattsaga shi da siraran layuka masu lanƙwasa, ɗaruruwa a jikin taya guda, abin da ba za ka gani da yawa haka a taya ta yau da kullum ba. Lokacin da nauyin mota ya danne haƙorin, ko aka taka birki, tsagogin suna buɗewa, kowane gefe ya zama baki mai kaifi da ke cizon dusar ƙanƙara. Suna da wani amfani na biyu a kan ƙanƙara mai sulɓi. Abin da ke sa ƙanƙara santsi shi ne ɗan siririn ruwan da ke kwance a samanta, wanda gogayyar taya ke ƙara narkarwa, shi ya sa ƙanƙara ta fi haɗari idan sanyi yana kusa da sifili fiye da lokacin da ya tsananta. Tsagogin suna tsotse wannan ruwan na ɗan lokaci, su ba roba dama ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Manyan ramukan da ke tsakanin haƙora kuma an yi su da zurfi, milimita 8 ko fiye a sabuwar taya, kuma akwai wani abu a nan da ke ba mutane mamaki: ana so ramukan su cika da dusar ƙanƙara. Dalili shi ne dusar ƙanƙara ta fi manne wa 'yar'uwarta fiye da yadda take manne wa roba, saboda haka wadda ta cushe a cikin rami tana haɗewa da wadda ke ƙasa, kuma ƙarfin da ake bukata kafin a raba su shi ne yake zama riƙo. Idan dusar ta fara narkewa ta zama caɓi, ramukan ne dai suke fitar da shi gefe don kada tayar ta hau kansa ta yi iyo. Saboda wannan ne a ƙasashen da dusar ke zuba da yawa ake yawan zaɓar tayar sanyi wadda ba ta cika faɗi ba, domin siririyar taya ta fi huda dusar ta kai ga ƙasa mai ƙarfi.

Yanzu ga yadda direba yake jin duk wannan a hannunsa da ƙafarsa. Wajen tashi, motar da ke kan tayar bazara takan tsaya wuri guda tayoyi suna ta juyawa, su goge dusar da ke ƙarƙashinsu har ta zama ƙanƙara, yayin da mai tayar sanyi take tashi a hankali, har ta hau 'yar gangara. Wannan shi ne bambancin da kowa yake fara gani, amma ba shi ne wanda ya fi ceton rai ba. Wanda ya fi ceton rai yana wajen birki da kwana.

Riƙon da taya take da shi guda ɗaya ne, kuma daga cikinsa ake ɗibar na birki, da na totur, da na karya kwana. Idan birki ya cinye shi duka, babu abin da ya rage wa sitiyari. A busasshiyar kwalta riƙon yana da yawa har direba ba ya lura cewa raba shi ake yi, amma a kan dusar ƙanƙara, inda abin da ya rage bai kai rabi ba, taka birki kaɗan a tsakiyar kwana ya isa ya ƙarar da shi. Daga nan ɗayan abu biyu ne yake faruwa. Idan tayoyin gaba ne suka fara sakewa, direba zai murza sitiyari amma motar ta ƙi bi, ta miƙe kai tsaye zuwa bakin titi ko hannun masu tahowa, kuma ƙara murza sitiyarin ba ya ƙara komai sai ɓaci. Maganinsa shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a ɗan sassauta sitiyari har tayoyin su sake kamawa. Idan kuwa na baya ne suka sake, bayan motar ne zai zame gefe yana neman ya wuce gabanta, kuma wannan ya fi muni, domin cikin ƙiftawar ido motar take juyawa a tsakiyar titi, sai direban da ya saba ne yake iya mayar da sitiyari ɓangaren da bayan ya tafi a kan lokaci. Tayar sanyi tana ɗaga iyakar gudun da waɗannan abubuwa suke farawa, sannan, abin da ni na fi daraja mata, tana sakewa a hankali. Direba yana jin motar ta fara sauƙi a hannunsa, yana da ɗan lokacin da zai gyara. Taurarriyar roba ba ta ba da wannan gargaɗin, tana kamawa ne har zuwa lokacin da za ta sake gaba ɗaya.

Daga nan ne dokar sa tayoyi huɗu iri ɗaya ta samo asali. Wasu a can, don su rage kashe kuɗi, sukan sa tayar sanyi biyu a gaba kawai, tun da tayoyin gaba ne ke jan yawancin ƙananan motoci. Motar takan tashi lafiya, direba ya saki jiki, amma ya haɗa wa kansa mota mai gaba mai riƙo da baya mai santsi, wato ainihin yanayin da ke juya mota a kwana ko a birki. Sa su a baya kawai yana hana juyawar, amma sai a rasa sitiyari da babban kason birki, tun da tayoyin gaba ne suke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota.

Akwai kuma ruɗin da manyan motoci masu jan tayoyi huɗu suke jefa masu su a ciki, kuma ina so ka isar wa ƙaninka wannan, domin baƙi ne suka fi faɗawa cikinsa. Jan tayoyi huɗu yana taimakawa wajen tashi da hawan tudu, iyakarsa ke nan. Kowace mota, ƙarama ko babba, da tayoyi huɗu take taka birki, kuma da biyun gaba take karya kwana. Jif mai tayar bazara za ta iya riga ƙaramar mota tashi, ta kai gudu da wuri, amma idan aka zo tsayawa nauyinta ya zame mata kaya, ƙaramar motar da ke kan tayar sanyi ta riga ta tsayawa. Haka na'urar ABS, wadda ke hana taya kullewa idan an danne birki, da na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa: dukansu sarrafa riƙon da ake da shi suke yi, ba su ƙirƙiro wanda babu.

A kan daskararriyar ƙanƙara, ko tayar sanyi tana da iyaka, musamman irin siririyar ƙanƙarar da ke kwanciya a kan kwalta ba a ganinta, wadda ta fi fara kama gadoji saboda iska mai sanyi tana ratsa su ta sama da ƙasa. Saboda ita ne a Finlan da Suwidin da Norwe ake amfani da tayoyi masu ƙananan ƙusoshin ƙarfe a jikin haƙoransu, waɗanda ke karce ƙanƙarar su kama. Ƙusoshin suna cin kwalta suna tayar da ƙura, don haka Jamus ta hana su, Japan ma ta taƙaita su, kuma a can ne kamfanin Bridgestone ya fito da tayar Blizzak a 1988, mai roba mai ƙananan ƙofofi da ke tsotse ruwan saman ƙanƙara ba tare da ƙusa ba. Ita tayar sanyi ta farko a Finlan aka yi ta a 1934, don manyan motoci, a masana'antar da yau ake kira Nokian, sannan ta ƙananan motoci ta biyo baya a 1936. A yau abin ya zama doka a wurare da yawa. A lardin Kwibek na Kanada wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Jamus dokar ba ta bin kalanda, tana bin yanayi ne, wato duk ranar da titi ke da dusar ƙanƙara ko ƙanƙara dole motar ta kasance a kan tayar sanyi, kuma tun daga Oktoban 2024 mai alamar dutsen nan kaɗai ake karɓa. Idan ƙaninka yana tuƙi, ya binciki dokar lardin da yake zaune, kuma ko babu doka ya sa su, ya riƙa duba iskarsu, domin sanyi yana rage iskar taya.

To, yaya aka yi waɗannan tayoyi suka iso kasuwanninmu? Tayar sanyi tana rasa yawancin amfaninta a kan dusar ƙanƙara idan zurfin zanenta ya sauko zuwa milimita 4, domin ramukan ba su ƙara ɗaukar dusa da yawa, tsagogin kuma sun gajarce. A Ostiriya ma doka ba ta ɗaukarta a matsayin tayar sanyi idan ta yi ƙasa da haka. Shekaru kuma suna taurara robar ko ba a hau ta ba. Mai mota a can yakan cire ta a wannan matakin, alhali a idon mai saye a nan taya mai milimita 4 ko 5 tana da sauran kyau, har ta fi wadda ke jikin motarsa zane. Ya kamata ka sani cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta Nijeriya ta haramta shigowa da su, kuma ba don wasa aka haramta su ba.

Amsar rabin tambayarka na biyu ita ce a'a, riƙon da take da shi a can ba zai biyo ta nan ba, kuma abubuwan da suka ba ta daraja a can su ne suke zame mata aibi a nan. Robar da aka haɗa don ta yi laushi a ƙasa da sifili, ka ɗora ta a kan kwaltar Maigatari a watan Afrilu, lokacin da zafin iska yake wuce digiri 40, kwaltar kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, sai ta yi laushi fiye da kima. Haƙoran da aka tsattsaga suna lanƙwashewa a ƙarƙashin nauyi, sai ka ji motar tana lilo a kwana, sitiyari ba ya amsawa nan take, kuma idan ka taka birkin gaggawa, misali akuya ko mai babur ya faɗo maka daga kasuwa, za ta fi tayar bazara jan nisa kafin ta tsaya. Gwaje-gwajen da ake yi a yanayi mai ɗumi suna nuna wannan a busasshen titi da ma jiƙaƙƙe. Lanƙwashewar tana haifar da ƙarin zafi a cikin tayar, tana cinye zanen da sauri, saboda haka arahar da ka samu wajen saye za ka biya ta wajen yawan canji. Ko sanyin hunturunmu mafi tsanani, na asubahin watan Janairu, da wuya ya kai inda wannan roba take fara nuna fifikonta, kuma kafin hantsi ya wuce. Batun taɓo da yashi kuwa, kada harafin M+S da za ka gani a gefenta, wato taƙaicen taɓo da dusar ƙanƙara da Turanci, ya ruɗe ka. Alama ce ta siffar zane, ba a yin wani gwaji kafin a buga ta, kuma siraran tsagogin da ke cizon dusar ƙanƙara ba su da abin yi a cikin taɓon fadama, wanda ke cika ramukan ya mayar da tayar sumul. Tayar taɓo ta gaskiya manyan haƙora take da su masu tazara, waɗanda ke watsar da laka yayin juyawa.

Ban ce tayar sanyi za ta fashe don kawai ta ga rana ba, kuma ba na son in tsorata ka da abin da ba haka yake ba. Abin da ke fasa taya a hanyoyinmu haɗuwar abubuwa ne: tsufa, da ƙarancin iska, da lodin da ya wuce ƙa'ida, da dogon gudu a tsakar rana. Sai dai motar haya a ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, cike da fasinja da buhuna, takan haɗa yawancinsu a tafiya ɗaya, tsohuwar tayar sanyi kuma tana ƙara nata kason zafin a kai. Rayukan da ke bayanka amana ne, shi ya sa na tsawaita.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka je wurin mai faci da safe kafin ka fara lodi, ku duba tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi rubutun da ya fara da DOT, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2318 yana nufin mako na 23 na shekarar 2018. Masu ƙera taya da kansu suna cewa a riƙa bincikar taya sosai idan ta shekara biyar, kuma kada ta wuce shekara goma ko da zanenta yana nan, wannan kuma a yanayin da bai kai namu zafi ba. Duk wadda ta tsufa, ko take da tsatstsagewa a gefe, ko kumburi, ko tsohon faci a gefenta, a cire ta nan take. Ka duba lambar nauyi da harafin gudu da ke bayan lambar girma, misali 91T, inda 91 ke nufin kilo 615 a kan taya guda, ka lissafa ka gani ko lodin da kake yi yana cikin abin da za su iya ɗauka. Idan sun tsallake duk wannan, kuma babu halin canja su yanzu, ka bar su su huɗun tare, kada ka gauraya biyu da wata irin taya, ka rage gudu da lodi, ka ƙara tazara tsakaninka da na gabanka, ka sa iska daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, kuma kada ka bari a sace maka iska da rana da sunan taya ta yi zafi, domin taya mai ƙarancin iska ta fi ɗaukar zafi. Da zarar ka samu hali, ka maye gurbinsu da sababbin tayoyin bazara ko da masu sauƙin kuɗi ne, waɗanda a gefensu aka rubuta darajar jure zafi A ko B, kuma idan biyu kaɗai za ka iya saye a karon farko, ka jira ka haɗa kuɗin huɗun, ko mai shago ya yarda ka biya a hankali.